Kwamfuta ta ce maraƙina zai kai kilo 900, ina kuskuren yake?

Ɗan Garke: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na zo da abin da ya ɗaure mini kai, na kuma san a nan akwai masu biro akwai masu turke, to kowa ya taimaka da abin da ya sani.

Maruƙa bakwai aka haifa mana a daminar bara, duk Bunaji. Tun daga haihuwa nake auna kowanne duk farkon wata. Sikeli kam ba mu da shi, da tef ɗin tela nake yi. Sai in zagaya ƙirji daidai bayan ƙafafun gaba, sannan in auna tsawo daga kan kafaɗa zuwa ƙashin da ke gefen gindin wutsiya. Zagayen ƙirji sau kansa, sau tsawo, a raba da 10,840, in da santimita aka auna. Babbansu yanzu watansa 14, ƙirji 125, tsawo 104, kilo 150 ke nan. Na zuba alƙaluman a Excel, na ɗora musu lissafin Brody da aka koya mana a makaranta don in ga iyakar nauyin da zai kai in ya gama girma. Wai kilo 900 da ɗoriya! Uban da ya haife shi yana nan a garke, ko a kaka da yake cike bai wuce rabin haka ba. Na gwada lissafin Gompertz, ya ba ni wata amsa daban. Wanne ne gaskiya?

Baba Mai Turke: Wa alaikumus salam. Ɗana, kilo 900 ɗin nan da raƙumi aka haɗa aka auna? Kuma wane burodi ne ya shigo maganar shanu? Ni fiye da shekara talatin ina shiga kasuwar Wudil ran Juma'a, ban taɓa tambayar kwamfuta ba. In ɗaga leɓen sa in ga haƙora, in dafa gadon baya, in kama gindin wutsiya, shi ke nan na san abin da zai zama.

Malamin Dabbobi: Baba, Allah ya ƙara girma. Ba burodin shayi ba ne, sunan wani masani ne, Samuel Brody, na jami'ar Mizuri a Amurka, wanda ya fitar da babban aikinsa a kan girman dabbobi a 1945.

Ɗan Garke, kwamfutarka ba ta yi ƙarya ba, tambayar da ka yi mata ce ta fi ƙarfin abin da ka ba ta. Lissafin Brody shi ne W = A(1 − b·e^(−kt)). W shi ne nauyin dabba a lokacin awo, t tsawon lokacin da ta yi tun haihuwa, A shi ne nauyin da dabba za ta tsaya a kai in ta gama girma, k shi ne saurin da take kusantar wannan nauyin, b kuma yana daidaita nauyin haihuwa. Kafin lissafin ya gano A, sai ya ga inda layin girma ya fara kwantawa. Kai kuma ka tsaya a wata 14, lokacin da maraƙi ke tsakiyar miƙewa. Kamar ka ga mota tana gudu a Kwanar Dangora ne, a ce ka faɗi garin da za ta tsaya. Zariya ce, Kaduna ce, Legas ce? Saniya ba ta gama girma sai ta kai shekara biyar zuwa shida. Duk wanda bai da awon da ya kai aƙalla shekara huɗu, A ɗin da zai samu zato ne kawai.

Akwai na biyu. Ka ce a damina aka haife su, yanzu kuma wata 14, wato awonka na ƙarshe ya faɗo a tsakiyar wata daminar. Na tabbata in ka duba, daga Fabrairu zuwa Mayu layin ya kwanta, sannan daga Yuli ya yi sama kamar an harba shi. Wannan tashin na ƙarshe shi ya yaudari lissafin, ya ɗauka haka za a ci gaba.

Ɗan Garke: Wallahi Dakta kamar kana gabana. A Afrilu ma biyu daga cikinsu baya suka koma, har na ɗauka ni ne na yi kuskuren awo.

Ɗalibar Samaru: Dakta, sannu da ƙoƙari. Ni abin da ban gane ba, tunda Brody ba ya nuna lokacin da girma ke ƙara sauri, me ya sa ba za a ce masa ya koma Gompertz gaba ɗaya ba? An ce mana girman dabba yana farawa a hankali, ya yi sauri, sannan ya lafa.

Malamin Dabbobi: Tambaya mai kyau, 'yata. Kowanne lissafi yana da wurin da ya kafa gwiwar layin, wato inda saurin girma ya kai ƙololuwa ya fara sauka. Na Verhulst, ɗan ƙasar Beljiyam da ya yi shi a 1838 don yawan jama'a, ya sa gwiwar a rabin nauyin ƙarshe. Na Gompertz a kusan kashi 37 cikin ɗari. Shi Gompertz ɗin ma ba makiyayi ba ne, mai lissafin inshora ne a Landan, a 1825 ya fitar da shi don ƙididdige mace-macen mutane. Na Bertalanffy, wanda masu nazarin kifi suka fi so, a kusan kashi 30. Na Richards na 1959 ya bar gwiwar a sake, alƙalumanka ne za su zaɓa mata wuri, shi ya sa yake yawan ƙin daidaituwa in awon ba shi da yawa. Brody ba shi da gwiwa sam, tun daga ranar farko saurin raguwa yake yi.

To a shanu gwiwar tana zuwa da wuri, shi ya sa in kana da awon saniya daga yaye har tsufa, Brody yakan dace da ita sosai duk da sauƙinsa. Amma da awon wata 14, ko duk biyar ɗin ka jera, amsa biyar za ka samu. Ba canjin lissafi ne maganin ba.

Baba Mai Turke: To Dakta, ranka ya daɗe, bari in ƙalubalance ka. Kun ce in sa ya manyanta girmansa ya lafa. Ni kuwa sana'ata ita ce sayen manya. In je Maigatari ran Alhamis a ƙarshen rani, in zaɓi bijimin da ya cika baki, mai dogon ƙashi, wanda yunwa ta rarake har kana ƙirga haƙarƙarinsa. In kawo shi gida in ba shi maganin tsutsa da na hanta, in ɗaure shi a inuwa. Harawar wake da ta gyaɗa, dusa, ƙowa, ɗan angurya, ruwan kanwa. Wata uku, wanda ya sayar mini da shi ba zai gane shi ba. Ƙaramin da bai yi famfara ba kuwa, ka yi ta zuba masa abinci yana ta yin tsawo, ba ya cika ido. Ina lissafinku a nan?

Malamin Dabbobi: Baba, ba ka rushe lissafin ba, ka ma fi mu amfani da shi. Bijimin nan naka ya riga ya gina ƙashinsa, rani ne ya ja shi ƙasa da inda ya kamata ya kasance. Abin da kake yi shi ne cike gurbin da ke tsakanin nauyinsa na yau da nauyin da firam ɗinsa, wato girman ƙashinsa, zai iya ɗauka. Dabbar da ta sha yunwa, in ta samu abinci, tana ramawa da saurin da ya fi na wadda ba ta taɓa rasa ba. Kuma jiki yana da tsarin gini: ƙashi tukuna, sai tsoka, kitse daga ƙarshe. Ƙaramin yana kan ƙashi da tsoka, shi ya sa kake ganin tsawo. Babban kuwa ya wuce nan, abin da ya ci sai ya mayar da tsokar da ta zube, ya ɗora kitse.

Amma in tambaye ka, bayan wata ukun nan, in ka ƙara masa wasu ukun, yaya?

Baba Mai Turke: A'a, wannan asara ce. Ci kawai zai yi ta yi yana tara mini taki. Na taɓa riƙe wani jan sa, ina jiran farashi ya ɗaga, ya cinye mini ribar 'yan uwansa biyu.

Malamin Dabbobi: To ka ga, A ke nan. Ka san shi, suna ne kawai ba ka sa masa ba.

Hajiya Mai Dusa: Ku yi haƙuri in shigo. Ni biyu nake turkewa a bayan gida, ban san A ba, ban san k ba. Amma Dakta a sa mana misali da lambobi mana, yadda irinmu za mu gane.

Malamin Dabbobi: Hajiya, ga shi, amma misali ne na ƙirƙira don bayani, ba awon wani garke ba ne. A ce sa an haife shi da kilo 24, iyakarsa kilo 400, k ɗinsa 0.04 a wata. Lissafin Brody zai ba shi kilo 167 a shekara ɗaya, 256 a shekara biyu, 311 a uku, 345 a huɗu, 366 a biyar. Dubi ƙarin: shekarar farko 143, ta biyu 89, ta uku 55, ta huɗu 34, ta biyar 21.

Yanzu ɗaya ɓangaren. Kafin dabba ta ƙara ko giram ɗaya, sai ta ci abin da zai riƙe ranta: numfashi, ɗumin jiki, bugun zuciya, tuƙa. Max Kleiber ya nuna a 1932 cewa wannan buƙatar ba ta bin nauyi kai tsaye, tana bin nauyin da aka ɗaga zuwa 0.75. A kalkuletar waya za a iya gwadawa. Mai kilo 256 zai ba da 64, mai kilo 345 zai ba da 80. Wato abincin riƙon rai ya ƙaru da kashi ɗaya cikin huɗu, ƙarin nauyin da zai yi a shekara mai biyowa kuma ya faɗo daga 55 zuwa 21. Ranar da kuɗin dusa da harawar wata guda ya wuce darajar abin da ya ƙaru a jikinsa a watan, ranar ce ta kasuwa.

Hajiya Mai Dusa: Allah ya saka. Ni dai in na ga ya fara barin dusa a kwano yana kwanciya da yawa, sai in aika a kira dillali.

Ɗan Fawa: Duk na ji ku, amma ni ke riƙe wuƙa, ni ke ganin abin da ke ciki. Kilon da kuke ta magana a kai, wani na ciyawa ne da ruwa. Ka ga sa ƙato a tsaye, a yanka a farke tumbi, a cika baro da abin da ke ciki. Bayan an fitar da kai, ƙafafu, fata da kayan ciki, abin da ya rage da kaɗan yake wuce rabin nauyinsa, in ramamme ne ma bai kai ba. Akwai masu ɗura wa sa ruwan gishiri da kanwa da asuba kafin a shiga kasuwa, ya yi tim kamar ganga. Sabon shiga ya saya yana murna. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Kuma ku sani, wanda aka turke ya wuce kima, kitse ne zalla. Mai tsire yana son ɗan kitse, amma matan da ke sayen na miya cewa suke a rage musu fari.

Ɗan Garke: Yallaɓai, wannan ya shafe ni. Ni wani lokaci da safe nake auna su, wani lokaci sai sun dawo daga kiwo.

Ɗan Fawa: To ka ɓata rawarka da tsalle. Ka tsaya a safiya, kafin su ci kafin su sha.

Malamin Dabbobi: Haka ne, ko da yake tef bai kai sikeli ruɗuwa da cikar tumbi ba, tunda ƙirji yake zagayawa. Matsalar tef ita ce hannu. Tunda ƙirjin sau kansa ake yi, kuskure yakan ninku. Maraƙinka mai 125, in ka sassauta tef ɗin ya karanta 129, ka ƙara masa kusan kilo goma da bai ci ba. Mutum ɗaya ya riƙa awon, dabbar ta tsaya daidai a kan ƙafafu huɗu a wuri mai shimfiɗe, kanta a miƙe, kuma kada tef ya hau kan tozo. Ita ma 10,840 ɗin nan ba don shanunmu aka yi ta ba. In ka samu wurin da ke da sikeli, ka kai ko guda biyar ka gwada ka ga yadda tef ɗinka ke karkata.

Jikan Ardo: Ni ƙorafina daban ne. Duk waɗannan lissafe-lissafen an yi su ne a kan shanun Turawa da ke kwance a gaban abinci shekara zagaye. Saniyarmu tana tafiyar kilomita da yawa neman ciyawa da ruwa, ga kaska, ga sammore in an gangara kudu. A damina ta hau, a rani ta sauka. Layinta kamar haƙoran zarto yake, ku kuma kuna zana mata layi mai santsi. Sannan ba wanda ya ambaci nono. Maraƙin da ake tatse uwarsa safe da yamma a kai tallan fura ba zai yi daidai da wanda aka bar wa nonon uwarsa ba, ko da ubansu ɗaya. Sai ku duba takarda ku ce wannan irinsa bai da kyau, alhali ƙwarya ce ta cuce shi.

Ɗalibar Samaru: Yaya, ai ba shanun Turawa kaɗai ba. Barazil ma masu tozo suke kiwo, Nelore, waɗanda asalinsu daga Indiya ne, kuma suna da rani da damina. Sun yi nisa da wannan aikin. Nan gida ma cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta daɗe tana auna Bunaji da Bokoloji.

Jikan Ardo: Ƙanwata, na Shika a cikin shinge suke, ana yanka musu ciyawa. Ki zo ruga a watan Afrilu ki auna.

Malamin Dabbobi: Ku biyun duk kuna da gaskiya, amma a wannan na fi karkata ga Jikan Ardo. Layi mai santsi yana nuna abin da jinin dabba zai iya ne in komai ya wadata. Haƙoran zarton kuma su ne rayuwarta ta gaske. Masu bincike suna da hanyar haɗa su: a sa watan da aka yi awo a cikin lissafin, a sa watan haihuwa, shekarun uwa, ko ana tatsarta, namiji ne ko mace. Akwai ma tsarin da kowace dabba ke samun nata layin a kewayen layin garke, shi ake amfani da shi wajen zaɓen iri. Sai dai wannan yana son dabbobi masu yawa da sanin uwa da uba, ba bakwai ba.

Ga mai garke ƙarami, hanya mafi sauƙi ita ce a kwatanta kaka da kaka. Awon Nuwamba na bana da na baɗi da na baɗin baɗaɗa, lokacin da kowa ke cike. Waɗannan ɗigon su za ka ɗora wa layi. Awon Mayu kuma ka ajiye shi daban, shi zai gaya maka nawa rani ke ƙwace maka, daga nan ka san ko sayen harawa tun tana araha zai biya. Mata kuwa in sun fara ɗaukar ciki sai a yi hattara, wata tara da 'yan kwanaki tana ɗauke da ɗa da ruwa da mahaifa, ta haihu nauyin ya zube dare ɗaya.

Baƙon Filinge: Salamu alaikum 'yan uwa, daga Nijar nake bin ku. Mu nan muna da tashar Tukunus inda gwamnati ta daɗe tana zaɓen Azawak. Abin da nake so in ja hankali a kai, kowa a zauren nan babbar saniya yake so. Amma a wurinmu da ruwan sama ke da ƙaranci, babbar ita ke fara faɗuwa in shekara ta ɓaci. Matsakaiciya ta fi jurewa, ta fi saurin sake ɗaukar ciki.

Malamin Dabbobi: Wa alaikumus salam. Ka taɓo wurin da lissafin ya fi amfani. An sha gani a nau'o'in shanu daban-daban cewa A da k suna ja da juna: mai babban nauyin ƙarshe yakan yi jinkirin kaiwa, mai ƙarami yakan balaga da wuri. In ka yi ta zaɓen maruƙan da suka fi nauyi kawai, sannu a hankali kana ƙara girman iyaye mata, wato kana ƙara bakin da za ka ciyar a rani, kana kuma ƙara nauyin haihuwa, wanda ke wahalar da karsana a haihuwar fari. Mai turke yana son babban firam, mai garke a Sahel yana son uwar da abinci kaɗan ke riƙe ta. Shi ya sa nake jin tsoro in na ga ana ta barbarar shanunmu da manyan na waje ba tare da an lissafa abincin da 'ya'yan za su buƙata ba.

Baba Mai Turke: Duk da haka dai kasuwa ba ta san kilo ba. Mai saye ido yake saye da shi: fari tas, tozo a tsaye, ƙaho ya yi kyau. Dillali ya sa hannu cikin riga a gama magana. Gab da Babbar Sallah kuma sa ɗaya sai ya yi kuɗin da bai yi ba wata biyu baya, alhali ko tsoka ɗaya bai ƙara ba.

Ɗan Fawa: Baba, mu da muke saye don yanka a zuci muke auna kilon. Wanda bai iya ba shi ke karyewa.

Shugaban Zaure: Jama'a a yi haƙuri, wanda ya turo tallan maganin ƙiba na goge shi. Ba a talla a nan, kuma kada kowa ya ɗura wa dabba abin da bai san me ke ciki ba. A ci gaba.

Ɗan Garke: Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Dakta, tambaya ta ƙarshe. Ke nan awon da na yi na wata 14 ya tashi a banza sai nan da shekara uku? An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Malamin Dabbobi: Bai tashi a banza ba. Yi abu biyu. Ka auna iyayensu mata da bijimin garken a Nuwamba mai zuwa, waɗanda suka cika baki. Matsakaicin nauyin matan shi ne A na karsanoninka, na bijimin kuma na mazan. Ka rubuta shi da hannunka, ka hana kwamfuta taɓa shi, ka bar ta ta nemo k kaɗai. Za ka ga amsar ta dawo hankalinta.

Sannan ka kwatanta su a shekaru ɗaya, ba a rana ɗaya ba. Wanda aka haifa a Yuni ba sa'an na Satumba ba ne. A Amurka masu shanun nama suna mayar da nauyin yaye na kowane maraƙi zuwa kwana 205 don haka. Ka cire nauyin haihuwa daga nauyin da ka auna kusa da wata bakwai, ka raba da kwanakinsa, ka ninka da 205, ka mayar da nauyin haihuwar. Kusa da kowanne ka rubuta ko an tatsi uwarsa, don kada Jikan Ardo ya kai mu ƙara.

Jikan Ardo: Yauwa. Ka rubuta har da wadda Inna ke tatsa a ɓoye.

Hajiya Mai Dusa: Ɗan Garke, don Allah ka ɗauko mini hoton yadda kake ɗora tef ɗin. Nawa jan ba ya tsayawa, jiya har ya taka mini ƙafa.

Ɗan Garke: To Hajiya, gobe da safe in sha Allah. Ki sa wani ya riƙa sosa masa wuya, kuma ki tsaya ta gefen kafaɗa, kada ki bi ta baya.

Baba Mai Turke: In kana shigowa Wudil ran Juma'a ka taho da tef ɗin naka. Akwai wani baƙin bijimi da nake zawarci. Ni zan faɗi nawa da ido, kai ka auna, Ɗan Fawa ya raba mu. Wanda ya faɗi shi zai sayi fura.